Hular da Aka Buga da Fushi

Ranar Juma'ar da ta wuce wasu samari uku suka fake wa ruwa a bakin zauren nan, suka tarar ina cuɗa wata kube a cikin roba. Ɗayansu ya ce, "Baba, wai wannan ma sai an koya? Ai ruwa ne da sabulu." Sauran suka yi dariya, ni ma na taya su. Na ce su zauna in ba su labari, sai ruwan ya ɗauke, suka hau baburansu suka tafi. To tunda ba su tsaya ba, shi ne na ce bari in sa shi a takarda da ɗan guntun karatun da nake da shi. Wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa.

Kube ta farko da aka yarda na wanke ni kaɗai ta wani direban babbar mota ce mai zuwa arewa, fara mai aikin shuɗi, bakinta ya yi baƙi ƙirin da gumi da man inji. Kafin ruwa ya taɓa ta sai da na ɗinka mata alama daga ciki, jan zare, ƙulli biyu. Mu ba ma rubuta suna. Kowane mai hula da launin zarensa da yawan ƙullinsa, kuma a ka ake riƙewa. Sannan na jiƙa ta a ruwan sanyi ita kaɗai, don shuɗi in ya ga dama sai ya zuba ya ɓata ta kusa da shi. Buroshi mai laushi, a bi hanyar da zare ya bi, ba a gitta shi. Ba a murɗe hula kamar tsumma, a tawul ake naɗe ta a danna. Daga nan sai ƙaro, wanda aka jiƙa tun jiya aka tace da ƙyalle. In ya yi kauri hula ta zama kwano, in ya tsinke ta langaɓe a kan mutum kafin ya isa masallaci. Sai a ɗora ta a kai. Kai muke ce wa itacen nan da aka sassaƙa daidai kan mutum. Muna da su manya da ƙanana, har da wani ƙato da muke kira kan liman, kodayake limaminmu na lokacin ɗan ƙaramin kai gare shi.

Idan ta sha rana ta bushe ƙarau, sai bugu. Da sanda mai santsi ake bi da ita zagaye, a hankali, har zaren ya kwanta ya yi sheƙi. Nan ne sana'ar take. Doka ɗaya ce ba a taka ta: ba a bugun ɗanyar hula. Zare in yana da laima laushi yake yi, sanda ta sauka a kansa sai ta yanke shi. Kuma mu nan Kwatano laima ita ce abokiyar gabarmu. Iskar teku ba ta barin komai ya bushe da wuri. Da damina sai hula ta kwana uku a kai, ka taɓa waje ka ji ta bushe, ka sa yatsa ciki ka ji sanyi.

Maigidana Baba Mamman ne ya koya mini. Tun yana saurayi ya biyo fataken shanu daga arewa ya sauka Zongo, ya roƙi mahaifina wannan zaure, ya kafa wankin hula. Ni a bayan bangon nan aka haife ni, ƙarar bugu ce ta raine ni. Lakwal kam, wato makarantar boko, aji uku na yi na gudo, don malamin ya cika duka, kuma hanyar ta yi mini nisa. Ni dama ba mai son nisa ba ne. Har yau in ba sallar Idi ko jana'iza ba, da wuya ka gan ni a titi. Shi ya sa sunana Haruna ya ɓace, kowa Nazaure yake ce mini. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Ina cikin gida ina cin tuwo, zan gaya maka wa yake bugu a zaure, da irin hular da yake bugawa.

A lokacin da nake ba ku labari mu biyar ne ƙarƙashin Baba, duk magidanta. Ni, da Tanko, da Hamidu, sai manyanmu biyu, Yaya Isa da Yaya Garba.

Yaya Isa mutum ne mai sanyi. Tafiyarsa a hankali, maganarsa sai ka matso. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ko me aka yi masa sai ya yi murmushi ya ce, "Ba komai." Ga hannu: duk Zongo babu mai allurarsa. Hular da asu ya ci, in ya zauna da ita, mai ita ma sai ya rasa inda ramin yake.

Yaya Garba kuwa Garba Tsawa ake ce masa. In yana gaisuwa sai baƙo ya ɗauka faɗa yake. Ya yi faɗa da mai kawo ruwa, ya yi da mai ƙaro, ya yi da akuyar maƙwabta. Ni kuwa kullum ina bakinsa.

"Kai Nazaure, ranar da ka mutu ma sai an lallashe ka kafin ka yarda a fita da kai maƙabarta!"

"Yaya, in za a iya binne ni a nan ai da na gode."

Sai ya fashe da dariya har tattabaru su tashi daga kan kwano.

To sai zamani ya juya. Aka yi babban taron nan na ƙasa, aka ce kowa ya buɗe baki, aka shiga zaɓe. Abin ya shigo har cikin unguwa. 'Yan zemijan, masu haya da babur, suka zaɓi firezidan, wato shugaba, mahauta suka zaɓa, matan da ke tuyar ƙosai a bakin masallaci ma sai da suka kafa kwamiti har da sakatariya. A daidai nan ne idon Baba Mamman ya soma hazo, ya daina ganin ƙulli. Wata safiya ya tara mu, ya ajiye sandar bugunsa a tsakiya, wata baƙar sanda da hannu ya cinye har ta yi ƙugu.

Ya ce, "Ni na gaji. Da a zamanin da ne, sai in nuna mutum da yatsa a wuce wurin. Amma na ji a rediyo an ce yanzu demokaradiyya ake yi. To ku yi."

Muka rataya tabarma a lungu, muka ajiye huluna biyu a bayanta, fara ta Yaya Isa, baƙa ta Yaya Garba. Kowa aka ba shi ƙwallon dabino ɗaya, ya shiga ya jefa. Ni ko tunani ban tsaya yi ba. A ganina a lokacin, mai shiru shi ne mai hankali, mai hayaniya kuwa yaro ne ko da ya yi furfura. Da aka juye, fara huɗu, baƙa ɗaya.

Yaya Garba ya ɗaga ƙwallon nan ɗaya sama ya ce, "Wannan ma ni na jefa wa kaina! Munafukai! Kai Tanko, ba jiya ka cinye mini rabin tsire ba?" Ya yi ta sababi har mai shayi ya leƙo. Amma kafin azahar na gan shi ya sunkuyo da bokiti biyu daga famfo yana ihu, "A ba Firezidan hanya! Firezidan, ina za a zuba?" Shi ke nan, maganar ta mutu a wurinsa.

Da yamma ina gyara wa Baba tabarma sai ya kama hannuna.

"Nazaure, kai da ake cewa kana da kunne, me kake ji in Garba yana aiki?"

Na ce, "Zagi, Baba."

Ya ce, "Bakinsa ka saurara. Ni hannunsa nake ji."

Ban gane ba, kuma ban tambaya ba.

Wata shida na farko lafiya lau aka yi. Yaya Isa ba ya takura wa kowa. Sai dai akwai wani abu da na riƙa gani ina kawar da kai. Tanko ya taɓa yi masa wasa a gaban mutane kan yadda yake tafiya kamar yana tsoron taka ƙwai. Ya yi murmushi ya ce ba komai. Amma wata guda cur Tanko bai ƙara samun kube mai kyau a hannunsa ba, sai tsofaffin hulunan 'yan dako. Ba a ce masa ya yi laifi ba, ba a ce masa an yafe ba. Ya yi ta tambayarmu, "Wai me na yi?" Ni a lokacin haƙuri na kira abin.

Sai ga mummunar shekara, shekarar da Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar damina. Ruwa ya tsaya a lungunan Zongo har idon sawu. Kullum sama a rufe. Ga huluna sun taru, don duk wanda yake da hular kirki a ranar Idi yake son sa ta. Kawunanmu duka suka cika, muka aro na wani a unguwar Sainte-Rita, suka cika. Zauren ya soma warin ɗanyen ƙaro, wasu fararen suka fara ɗigon fumfuna.

Ya kamata ku san cewa ƙashin bayan wannan zaure 'yan shanu ne, fataken arewa da ke kara. Su ne masu kube da zanna masu tsada, kuma tare suke tafiya: inda babbansu ya kai hularsa, can duk za su kai. Babbansu a lokacin Alhaji Buba ne, dogon mutum mai kaifin harshe. Kuma a shekarar aka buɗe wani firesin, gidan wanki na zamani mai injin busarwa, a bakin titi, yana ta aiko musu da 'yan kira. In suka juya mana baya, zauren nan sai dai a mayar da shi wurin ajiye babur.

Saura kwana takwas Sallah Alhaji Buba ya shigo da mutanensa uku, ya zaro wata kube daga cikin jaka, a naɗe a farin ƙyalle. Tsohon aiki ne, ruwan ƙasa da zaren kore, irin wanda yanzu ba a samun mai yi. Ta mahaifinsa ce, sau ɗaya yake sa ta a shekara.

Yaya Isa ya miƙa hannu biyu zai karɓa. Alhaji ya janye.

"Kai ne aka ce an zaɓa? To madalla. Ina Garba? Shi nake so ya buga mini. Wannan ba hular koyon mulki ba ce."

Mutanensa suka yi dariya. Yaya Garba ya tafi sayen ƙaro, ba ya nan. Yaya Isa ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Ba komai, Alhaji. Za a ba shi."

Ba a ba shi ba. Shi da kansa ya wanke ta, ya sa mata ƙaro, ya ɗora ta a kai a can lungu. Kwana uku bayan haka rana ta ɗan leƙo da hantsi. Sauran sun fita da huluna bakin titi suna bin ranar, ni kuma na shiga cikin gida shan koko. Sai na ji an fara bugu.

Bugun Yaya Isa na san shi kamar muryar mahaifiyata: tas, tas, tas, mara nauyi, kamar ana tafa wa jariri. Wannan kuwa dum ne, sai a tsaya, sai dum. Kuma sautin a toshe yake, irin na hular da ba ta bushe ba. Na ajiye ludayi. Dum. Dum. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo. Daga nan na ji an ɗaga tabarmar da ke lungu an mayar, kamar ana ɓoye wani abu.

Da na fito yana zaune yana zare ƙulli a wata dara, fuskarsa kamar kullum. Ya ce, "Nazaure, ka sha kokon?" Na ce na sha.

Kwana biyu na riƙe abin a cikina, don ni ba na son rigima. A kwana biyun nan ruwa ya dawo. Muka yi ta tambaya, "Firezidan, yaya za mu yi da hulunan nan?" Sai ya ce, "Allah zai kawo rana." Ba ya cin abinci sosai, ba ya kallon lungun tabarmar. Yaya Garba ya ce a kai su gidan burodin Kosi, wani ɗan ƙabilar Fon da ke bayan layinmu, tunda ɗakin tanderunsa yana riƙe zafi har yamma bayan an gama gashin safe. Yaya Isa ya ce a bari tukuna. Ba i, ba a'a.

Saura kwana uku na tare Yaya Garba a famfo na gaya masa abin da kunnena ya ji. Ina faɗa ina nadama, don na san yau Zongo za ta ji mu. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ajiye bokiti, ya nufi zaure, ina binsa ina cewa, "Yaya, don Allah, Yaya."

Yana shiga ya daka tsawa, amma ba inda na zata ba.

"Tanko! Hamidu! Kun zauna kuna kallon huluna kamar masu zaman makoki! Ku samo amalanke, ku rufe da leda, ku kai wa Kosi. Ku ce ni na aiko, in ya yi gardama ku ce ina zuwa da bakina. Firezidan, ka yarda ko?"

Yaya Isa ya gyaɗa kai. Sai da suka loda suka fita, sannan Yaya Garba ya tura ƙyauren zaure ya rufe. Muka rage mu uku, da Baba Mamman yana gyangyaɗi a kujerarsa.

"Yaya Isa, fito da ita."

Yaya Isa ya kalli lungun tabarmar, ya kawar da kai.

"Wallahi ba zan ɗaga tabarmar nan ba. Kai za ka ɗaga."

Ya daɗe kafin ya tashi. Da ya kawo ta, sai ga yaga a gefen sama, faɗin yatsa uku, zaren kore ya tsitstsinke. Yaya Garba ya karɓa, ya kai ta bakin haske, ya juya ta. Abin da na lura da shi, wanda ban taɓa lura ba a shekara goma sha wani abu da muka yi tare, shi ne hannunsa. Bakinsa yana ta aiki, "Ɗanya! Ka bugi ɗanya! Kai da ka koya mini!" amma yatsunsa suna riƙe da hular nan kamar ƙwai, ko rawa ba sa yi.

Ya gama, ya ja numfashi, ya ce, "Me Alhaji ya ce maka?"

Yaya Isa ya faɗa masa, da ƙyar.

"To ai sai ka zage shi a lokacin, ka huta, mu ma mu huta! Ka haɗiye ka zo ka sauke wa hula. Hula ce ta yi maka?" Ya miƙa masa ita. "Duk Zongo babu mai allurarka. Kwana biyu gare ka. Ni zan je in gaya wa mai ita."

Yaya Isa ya ce, "In an gyara ba zai gane ba."

"Shi ya sa zan gaya masa. Nazaure, sa takalmi."

"Ni? Ina?"

"Kara, can Akpakpa a ƙetaren gada. Kai ne shaida."

Haka na hau bayan zemijan cikin yayyafi, na rufe ido tun daga farkon gada har ƙarshenta. Muka sami Alhaji Buba a tsakiyar shanu da raguna, taɓo har gwiwa, masu saye sun kewaye shi. Yaya Garba ya ja shi gefe, ya mayar da hannuwansa baya ya harɗe.

"Alhaji, hularka ta yage a hannunmu."

Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. "Wace hular? Ta mahaifina? Wa ya yaga?"

"Mu."

"Na ce wa!"

"Zauren Baba Mamman. Ba mu da suna ɗaya-ɗaya in aiki ya ɓaci."

Alhaji ya yi ta faɗa, ya kira mu 'yan wankin tsumma, ya ce dama an gaya masa tun da tsoho ya sauka wurin ya lalace. Yaya Garba bai yi ƙasa da murya ba, shi ma a sama yake amsawa, har shanu suna ɗago kai. Amma ko kalma ɗaya ta zagi ban ji ba, hannuwansa kuma suna nan a baya.

Ya ce, "Ka yi gaskiya, laifinmu ne, kuma ban zo da uzuri ba. Amma Alhaji, kai ma da naka. Ka shigo wurin mutum ka muzanta shi a gaban na ƙasa da shi. In na zo karan nan na ce wa masu saye kai ba ka san shanu ba, ƙaninka nake nema, za ka ji daɗi?"

Na ce a raina shi ke nan, mun mutu. Alhaji ya dube shi ya dube ni. Ya ce, "Jajibere bayan la'asar zan zo. In na ga tabo ko kamar ƙwayar gero, ni da mutanena mun bar ku har abada."

"Mun ji. Allah ya kai mu."

A kan hanyar komawa Yaya Garba ya ce wa mai zemijan ɗina ya bi da ni a hankali, wai kaya ne masu fashewa.

Gyaran nan na kwana biyu, da kun gani da ba ku ce ruwa da sabulu ba. Babu zaren da zai dace da tsohon kore a kasuwa, sabo zai yi ƙyalli ya tona asiri. Sai Yaya Isa ya farke lanƙwasar ciki ta hular, inda ba a gani, ya zaro zare daga jikinta, sili-sili. Ya zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ya bi ramukan allurar mai aikin farko ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi masa magana. Yaya Garba ya tsaya a kan sauran aikin, yana kai da komo tsakaninmu da gidan burodi, yana faɗa da Kosi da guntun Fonancinsa kan kada a matsar da huluna kusa da bakin wuta. A jere suke kan katakon da ake shanya burodi, suna bushewa ƙarau cikin rabin yini. Muka yi ta bugu, mu huɗu, har kafaɗa ta sage.

Da kuben Alhaji ta dawo daga gidan Kosi a bushe, Yaya Isa ya miƙa wa Yaya Garba ita tare da baƙar sandar Baba. Yaya Garba ya ture.

"Kai za ka buga."

"Ai kai ya ce."

"Ya ce, ba a yi ba, an wuce nan. Buga."

Na juya baya na rufe ido don in ji da kyau. Bugu biyu na farko suna rawa. Daga na uku sai ga shi ya dawo: tas, tas, tas.

Jajibere bayan la'asar Alhaji Buba ya iso da mutanensa. Kafin Yaya Garba ya buɗe baki, sai Yaya Isa ya tashi da hular a hannu biyu. Muryarsa a ƙasa kamar kullum, amma kowa ya ji.

"Alhaji, ni na yaga ta. Na ji haushin maganarka, na ce ba komai alhali da komai, na buge ta tana ɗanya. Ka yafe mini."

Alhaji ya karɓa ya fita da ita waje. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya shafa da babban yatsa, ya ba na kusa da shi, shi ma ya duba. Ya dawo ya ce, "Ina wurin?"

Yaya Garba ya ce, "A'a, Alhaji, kai ka ce ko kamar ƙwayar gero. Nemo."

Ya sake dubawa. Sai ya kai ta hanci, ya shaƙa, ya ɗaure fuska.

"Wannan kuma ƙanshin mene ne?"

Tanko ya ce, "Burodi ne, Alhaji."

Dariyar da Alhaji Buba ya yi sai da ya dafa bango. Ya sa hular a kansa, ya dubi Yaya Isa ya ce, "Malam Isa, ni ma bakina ya yi tsawo ranar. Mu yafi juna." Ya juya ga mutanensa ya ce kowa ya karɓi tasa. Ni dai na zauna a kan bokiti. Washegari a filin Idi rabin sahun gaba ƙanshin burodi yake yi, mutane suna ta waige-waige suna neman mai talla.

Bayan Sallah da kwana uku Yaya Isa da kansa ya rataya tabarma ya ajiye huluna biyu. Ya ce shi allura ya iya, ɗaukar mutane ya fi ƙarfinsa a yanzu. Aka jefa, aka juye: baƙa huɗu, fara ɗaya. Yaya Garba ya ɗaga ƙwallon ya ce, "Ni na jefa masa! Mutumin da ya tsaya gaban Alhaji Buba ya ce ni na yi? Ku dai ba ku iya zaɓe ba, ko da can ko yanzu!"

Baba Mamman ya kira ni da hannu. "Nazaure, yanzu me ka ji?"

Na ce, "Hannu, Baba."

Ya ce, "To ka fara koyon sana'a."

Kada wani ya karanta wannan ya ce Nazaure ya ce a zaɓi mai hayaniya. Ban ce ba. Na ga mai baki da ya tarwatsa ƙungiyar direbobi cikin wata uku, don shi fushinsa har hannu yake kaiwa. Kuma da Yaya Garba ya rasu, Yaya Isa ne ya riƙe zauren nan shekara tara, da sanyinsa da komai, ba a taɓa jin kanmu ba. Bai zama mai surutu ba. Abu ɗaya ne ya canza: in ka ɓata masa, kafin magariba zai kira ka gefe ya ce, "Da komai fa." Shiru da hayaniya halitta ce, kamar girman kai da ƙanƙantarsa, kowa da wanda aka sassaƙa masa. Abin dubawa shi ne ina fushin mutum yake sauka, kwana nawa yake yi, kuma in abu ya ɓaci a hannunsa wa yake fara gaya wa.

Yanzu baƙar sandar tana wurina. Samarin nan na ranar Juma'a, in akwai mai son koyo a cikinsu, ƙofa a buɗe take, kuma kun san ba inda za ni. Zan ba shi tsohuwar hular da ba ta da mai ita, busasshiya ƙarau, in miƙa masa sanda. Sannan in ɗan gaya masa maganar da ba za ta yi masa daɗi ba, a gaban abokansa. Sai in shiga cikin gida in sha kokona, ina saurare.